Babur Ɗin Mutum Uku

Wada bakanike ne na ƙwarai, wannan ko maƙiyinsa ba zai musa ba. Abin da ya ɓata shi baki ne. Rumfarsa tana bakin kasuwar Tungar Marke, a kan hanyar da ta baro Gangara ta nufi Sabon Birni, daidai inda ƙasa ta gangara zuwa gulbi. Gulbin kuwa sai dai suna. Damina biyu a jere sama ta yi rowa, gero ya kai gwiwa ya ƙone a tsaye, rijiyoyin gari suka ƙafe. Lakar da shanu suka tattake a cikin gulbi ta bushe da sawun kofato, ta zama tudu da rami tun daga wannan gaɓa har waccan, ko jaki sai ya yi ta tuntuɓe kafin ya haye.

A kan yunwa kuma sai ga 'yan bindiga. Da rana tsaka suke zuwa, uku-uku a kan babur, ɗaya na tuƙi biyu na harbi. Su suka kashe 'ya'yan Yari biyu a gona. Yari ɗan wan mahaifin Wada ne, ƙaton mutum mai zanen Gobir raɗau a kumatu, wanda a da in ya yi dariya a bakin kasuwa sai an ji shi a masallaci. Tun ranar da ya turo gawar samarin nan a amalanke bai sake dariya ba. Ya tara majiya ƙarfin gari da bindigogin toka da adduna, suka zama 'yan sa-kai, shi ne babbansu.

To, wata safiya ana zaune a teburin mai shayi, ana ta maganar yadda za a gane ɓarayin daji in sun shigo kasuwa sayen mai da taba, sai Wada ya ajiye kofinsa.

"Ni ko cikin babura ɗari za ni fidda muku nasu," in ji shi.

"Kai Wada, ban da cika baki."

"Wallahi. Babur ɗin mutum guda, in ka hau shi sai shi ɗan zauna, awa jaki ya ji kaya. Nasu kuwa mutum ukku ka hawa. Dole su matse zoben shok ɗin baya, ƙarfen nan mai haɗiye rami, har haƙorin ƙarshe, su yanko tsohuwar taya su cusa cikin sifirin. Ka hau shi kai ɗai, ko gezau ba ya yi."

Aka yi ta jinjina kai ana cewa lalle sana'a sa'a. Wada ya ji daɗi har ya sake maimaitawa da kwatance, yana danna benci da tafin hannu. Yari na can ƙarshen bencin, shayinsa ya huce a gabansa, yana sauraro.

Kasuwa ta zagayo, sai ga gwaji ya fito. Duk baƙon da ya shigo da babur, Yari ya sauke shi ya hau ya zauna da ƙarfi. Wanda nasa ya lotsa ya wuce. Kafin azahar aka samu wani dogon mutum mai rawani, babu wanda ya san shi, nasa ya ƙi lotsawa. Mutumin ya buɗe baki zai yi magana, gindin bindiga ya rufe masa shi. Suka ja shi ta ƙafa zuwa bayan mahauta, kansa yana bugun ƙasa, mata na watsewa da tallansu. Wada yana tsaye da sifana a hannu ya ji saran farko, ya ji na biyu, daga nan bai ƙara jin muryar mutumin ba. Ko ɓarawo ne ko ba ɓarawo ba, Allah kaɗai ya sani, don ba a tambaye shi ba.

A nan ne Wada ya tuna masu ɗaukar ruwa. Tunda rijiyoyi suka ƙafe, mutane ke zuwa har wajen garin Isa ɗebo ruwan famfo a jarkoki, kuma babur ba ya ɗaukar jarka shida sai an matse shi. Wa ke matse musu? Shi. Da yamma ya tari Yari a ƙofar gida.

"Yaya, maganar nan da niy yi, masu ɗaukar ruwa ma haka nasu yake."

"Masu ruwa mun san su," Yari ya ce, ya shige gida.

Gaskiya ne, sun san su, 'yan gari ne, babu mai sauke su. Mutum ɗaya ne a cikinsu ba ɗan gari ba, kuma shi ne ya hana Wada sukuni: Yero.

Yero Bafillace ne. Shanun ubansa ne ke kwana a gonar uban Wada kowace rani suna zuba taki, a ba su kara da dawa, tun su biyun ba su san wando ba. Tare suka yi farautar gafiya, tare aka zane su a kan satar mangwaro. Ko lokacin da nono ke ambaliya Yero siriri ne kamar sillen kara, balle yanzu da fari ya cinye garken, ya bar shi da karsana biyu da ya sayar ya sayi tsohon babur. Da shi yake ɗebo wa rugarsu ruwa, ya sayar da ragowar. Wada ya aika masa saƙo ta bakin masu zuwa famfo cewa kada ya kuskura ya shigo kasuwa. Ko saƙon ya isa ko bai isa ba, oho.

Ranar kasuwa ta gaba, hantsi ya ɗaga, Wada na durƙushe yana ɗaura sarƙa, sai ya ji sallama da muryar da ya fi tsoron ji. Ya ɗago. Ga Yero a kan babur, malafa a wuya, gwiwar hannunsa ta saɓule, gefen fuskarsa duk jini da ƙasa.

"Kaɗo, dokin nan naka ya kada ni," ya ce yana murmushi, da sunan da Fulani ke kiran Bahaushe. "In da kaya lahiya lau. In babu, sai shi riƙa tsalle da ni awa ɗan akuya. Cikin gulbi yaw watsar da ni."

"Ina jarkokinka?"

"Suna layi wurin famfo. Layin ba ya kawowa kaina sai la'asar, shi ya sa nic ce bari in zo ka duba."

Wada ya ji kamar ya ɗora hannu a ka. Da jarkokin na ɗaure a kariya, da su kaɗai sun isa shaida. Ya leƙa. 'Yan sa-kai suna can wajen 'yan awaki sun fara zagaye, ana hango kan Yari sama da na kowa. Komawa ba ta yiwuwa, don sun riga sun tare hanyar da Yero ya shigo. Ya fizgi kan babur ɗin ya tura shi bayan zanar rumfa.

"Sauka. Riƙe mini nan."

"Lahiya?"

"Ba ka ji abin da anka yi ma mai rawani ba?"

"Na ji. Amma ai Yari ya san ni. Ni da matata Habi munka zo mashi gaisuwa, har ya riƙe hannuna."

"Yarin da kas sani tare da ɗiyanai anka rufe shi. Riƙe nan, don Allah."

Ko a cikin wannan tashin hankali Wada bai iya aikin ka-ci-ka-tashi ba, don ya san in ya sassauta fiye da kima, gulbi zai sake kayar da mutumin ta wata hanyar. Ya zaro karan gero daga jikin zana. Ya sa Yero ya ɗaga bayan babur ɗin har tayar ta bar ƙasa, ya dafa karan daga kusar tayar zuwa ƙarfen kariya, ya yi alama da farce.

"To, hau. Ɗauke ƙafafu."

Yero ya hau, Wada na riƙe da kan. Ya sake dafa karan. Alamar tana nan inda take, ko faɗin ƙwayar gero ba ta sauka ba.

"Kai, ɗan Hillo, ko kaza ta fi ka nauyi."

"Kaza na cin tsaba," in ji Yero.

Wada bai yi dariya ba. Ya sa filaya ya riƙa zaro guntayen tayar da ya cusa tsakanin zagayen sifirin tun bara, suna fitowa a lanƙwashe, yana jefarwa. Ya ɗora bakin sukudireba a kan zoben da ke danne sifirin, ya buga da guduma. Tsatsa ta riƙe shi. Ya zuba baƙin mai ya sake bugawa, kowane bugu yana jin kamar duk kasuwa ta ji. Zoben ya juya, ya sauko haƙori ɗaya, ya sauko na biyu, har na ƙasa. Ya zagaya ɗaya gefen ya yi haka nan.

"Tsaya, Wada. In ka sake shi hakanga, da mi za ni ɗaukar jarka shidda?"

"Ka ɗauki biyu."

"Biyu? Mutanen ruga fa? Tsohuwata ko alwala..."

"Ka ɗauki biyu ka koma sau ukku! Gawa na ɗibar ruwa?"

Wada ya kwance murafun shok ɗin gaba, ya zaro guntayen bututun da ya saka don ƙara tauri, ya mayar ya ɗaure. Gumi na shiga masa ido. Daga can ana jin muryar Yari yana ce wa wani ya sauka.

"Hau."

Wannan karon babur ɗin ya karɓi Yero. Ya yi ƙasa a hankali, gaba da baya tare, alamar farce ta sauka faɗin yatsu biyu da ɗan ɗori. Wada ya danna sirdin ya saki, ya dawo sau ɗaya ya tsaya cak, ba rawa. Duk da tsoron da ke cinsa sai da ya ji wannan ɗan sanyin da mai sana'a ke ji in abu ya zauna daidai.

Saura abu guda. Inda zoben ya baro, ƙarfe ya fito fari tas yana ƙyalli a tsakiyar tsatsa. Wada ya dangwalo baƙin mai ya haɗa da ƙasa ya shafe na hagu. Yana miƙa hannu zai zagaya dama, aka yaye zanar.

Yari ne, da mutum bakwai ko takwas a bayansa, kasuwa kuma ta biyo su kallo.

"Yero."

"Na'am, Yaya Yari. Ina kwana? Ya ƙarin haƙuri?"

"Sauka."

Suka fito da babur ɗin fili. Yari ya miƙa bindigarsa ga na kusa da shi, ya ɗaga ƙafa ya zauna da dukkan nauyinsa. Babur ɗin ya durƙusa har ƙarfe ya bugi ƙarfe. Wani a cikin taron ya ce alhamdu lillahi, wata tsohuwa mai daddawa ta ce dama ita ta san yaron nan tun yana goye. Yari ya sauka ya karɓi bindigarsa.

"Hau ka tahi."

Yero ya hau, ya taka, injin ya tashi. Da Yari ya juya ta hagu, da shi ke nan. Sai ya juya ta dama, rana kuwa ta faɗa a kan farin ƙarfen nan. Ya tsaya. Ya sunkuya ya shafa da yatsa. Ya dubi bayan zana, ga guntayen taya a zube, kowanne da shatar sifirin a jikinsa. Ya ɗauki ɗaya ya juya shi a hannu.

"Wa yat taɓa wanga babur?"

"Ni," in ji Wada. "Yaya, ni nim matse shi tun bara, ni nis sake shi yanzu. Ruwa shika ɗauka, kowa ya sani."

"Ina jarkokin?"

"Suna layi wurin famfo."

Wani daga cikin samarin ya yi tsaki.

"In na ruwa ne," Yari ya ce a hankali, "mi kaka ɓoyo bayan zana?"

Ina amsa? Wada mai baki, yau ga shi baki buɗe babu kalma. Ya ce don ya san za su kashe shi ne? Ai wannan shi ne cewa gwajinsu ƙarya ne, mai rawani kuma jininsa na wuyansu, a gaban duk kasuwa. Ya dubi idon ɗan'uwansa ya ga ba zai taɓa yarda da haka ba, ko za a haɗa shi da Alƙur'ani. Ya ga bakin bindigar ya fara ɗagowa.

Sai Wada ya afka masa. Ya rungume bindigar da mutumin gaba ɗaya, ya kwarma ihu: "Yero, gulbi! Gulbi!"

Bindigar ta tashi a sama, hayaƙi ya turnuƙe. Yero ya murɗa totur ya ratsa tsakanin masu tumatir ya gangara. Biyu suka harba suka kuskure. Uku suka haye babur ɗaya suka bi shi, ramin farko ya watsar da su. Sauran suka rufe Wada. Gora ta sauka a bayansa, gindin bindiga ya fasa masa goshi, wani ya sa ƙafa ya tattake masa haƙarƙari har ya ji abu ya ɓalle a ciki. Ya ga wani ya ɗauko gudumarsa ya taka masa wuyan hannu.

"Ban da hannuwa!" Yari ya daka tsawa. "Shi ɗai muka da shi garin ga. Ku ba shi ko'ina, ban da hannuwa."

Suka ba shi ko'ina. Jini ya rufe masa ido, ba ya ganin komai, sai ya kasa kunne. Ya san kukan babur in tayar baya na barin ƙasa: injin ya yi ƙara, ya shaƙe, ya sake ƙara. Wannan kuwa murya ɗaya yake yi, shimfiɗaɗɗiya, tana nisa, tana nisa. Tayar na manne da ƙasa, sifirin na haɗiye ramukan nan ɗaya bayan ɗaya. Ana dukansa yana jin daɗi, wallahi daɗi ya ji, har ya ji sautin ya haura gaɓar can.

Sai sautin ya ragu, ya tsaya yana bugawa a wuri ɗaya.

Wawa, Wada ya ce a ransa. Mi kaka jira? Tahi!

Yari ma ya ji. Ya sa hannu ya ɗaga Wada ta wuyan riga kamar buhun ƙaiƙayi, ya ja shi har bakin gangare inda za a hango su daga ƙetare. Ya toshe masa baki da tafin hannu, ya tanƙwaro kansa baya, ya zaro wuƙa ya ɗora a maƙogwaro.

"Bahillace!" Muryarsa ta ratsa gulbin. "Ga mai masaukinka! Ka tahi, shi biya!"

Wada ya san ƙarya ce. Mutumin da ya hana a taɓa masa hannu ba zai yanka shi ba. Amma Yero bai ji wannan ba, yana tsakiyar gulbi lokacin. Abin da yake gani kawai shi ne ɗan gidan da suka ci tuwonsa shekara da shekaru, jina-jina, da wuƙa a wuya, saboda shi. Wada ya yi ta fizga, ya ciji tafin Yari har ya ji gishirin jini, hannun bai motsa ba. Ya ɗaga nasa hannun yana kaɗawa, tafi, tafi. Daga nesa, wa zai bambance tafi da taho?

Sautin ya juyo.

Bai yi gudu ba. A hankali ya ratso gulbin, zaune daram, babur ɗin na tafiya da shi sumul, duk kasuwa ta yi tsit tana kallo. Ya hauro, ya kashe injin, ya kafe babur ɗin da kyau don kada ya faɗi. Ya cire malafarsa ya rataya a madubi.

"Ga ni, Yaya Yari. Sake shi, ba shi da laihi." Sannan ya dubi Wada. "Kaɗo, ka aika ma Habi, jarkoki na layi. Kada a ɗauke."

Gora ta sami Yero a ƙeya ya durƙusa. Mutum ne da ko mari ɗaya ya ishe shi, amma su takwas suka taru a kansa, har waɗanda gulbi ya kayar sun dawo da ɗingishi da haushi. Adda ta hau ta sauka. Ya ɗaga siririn hannunsa ya kare fuska, hannun ya tafi. Tsohuwa mai daddawa na ta salati tana cewa ku ji tsoron Allah, babu mai jin ta. Yari bai saki Wada ba, bai kuma bar shi ya kau da kai ba, sai da ƙafafun suka daina shure-shure.

Da ya sake shi, Wada ya zube. Ya ja jiki da gwiwar hannu har wurin, ya cire rigarsa da ta riga ta jiƙe ya rufa wa abokinsa fuska. Kuka yake son yi, haƙarƙarin ya hana shi jan numfashi, sai wani gurnani ke fita. Mutane suka fara janyewa ɗaya-ɗaya, kowa na duban ƙasa.

A bayansa ya ji an taka babur ɗin. Yari ne a gaba, biyu suka ɗare a bayansa da bindigoginsu. Ba su yi taku goma ba sai bayan babur ɗin ya durƙushe, taya ta riƙa gurzar ƙarfe, salansa na jan ƙasa. Suka tsaya suka sauka. Yari ya turo shi da hannu har ƙofar rumfa, ya jingine, ya tsaya a kan Wada yana goge tafinsa da ya ciza a jikin riga.

"Ya cika taushi," ya ce. "In ka iya tashi, ka maida muna shi yadda yake. Mu ukku za mu riƙa hawa."